Tarin Magunguna a Hannun Tsoho Mai Hawan Jini



Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne halin da tsohon da ke fama da hawan jini yake shiga yayin da magunguna suka taru a hannunsa. Masana kiwon lafiya sukan ce mutum ya shiga sahun masu tarin magani idan yana shan iri 5 ko fiye a kullum. Tsoho kuwa ba ya daɗewa bai kai wannan adadi ba, domin hawan jini kaɗai yakan ci ƙwaya biyu ko uku, ga ciwon sukari, ga ciwon gwiwa, ga rashin barci.

Da farko ya kamata mu san cewa jikin tsoho ba ɗaya yake da na saurayi ba. Ƙoda da hanta su ne ke fitar da magani daga jiki, kuma ƙarfinsu yana raguwa da shekaru. Saboda haka ƙwayar da ta bar jikin yaro da wuri, sai ta daɗe a jinin dattijo har wata ta zo ta iske ta. Wannan ne ya sa a shekarar 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su wajen tsofaffi. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tarin magani cikin manyan al'amura uku da ta ce a mai da hankali a kansu don rage cutar da magani ke jawowa.

To, yaya magunguna ke karo da juna? Mu ɗauki tsohuwar da likita ya ɗora a kan lisinofiril da ƙwayar sa fitsari. Gwiwa ta dame ta, jikanta ya sayo mata ibufurofen a kemis. Wannan maganin ciwo yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya raunana aikin maganin hawan jinin. Haɗuwar ukun nan kuwa tana iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman lokacin zafi ko gudawa. Haka kuma atenolol yana ɓoye bugun zuciya da makyarkyatar da ke sanar da mai ciwon sukari cewa sukarinsa ya faɗi.

Akwai kuma inda illar magani ke shigar burtu ta zo kamar sabuwar cuta. Amlodifin yakan kumbura ƙafa. Idan wanda ya duba ƙafar bai san ana shan sa ba, sai ya ƙara ƙwayar fitsari mai ƙarfi. Tsoho ya riƙa tashi cikin dare, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi ya karya ƙugu. Ƙwaya ɗaya ta haifi ta biyu, ta biyun ta kai shi ga kwanciya.

A nan ne sha'anin ya shafi mu masu nazarin harshe. Idan likita ya tambayi dattijo, "Baba, kana shan wani magani?" abin da zai lissafa shi ne na asibiti. Ba zai kawo na kemis ba, balle jiƙo da tsimi, ko kanwar da ake sa masa a kunu, alhali kanwa cike take da sinadarin sodiyam mai ɗaga jini. Bugu da ƙari, da launi yake sanin ƙwayoyinsa: farar nan ƙarama, jar nan ta dare. Magani ɗaya kuwa yakan zo da sunayen kamfani daban-daban, har mutum ya sha shi ninki biyu yana zaton iri biyu ne. Tambayar da ta dace ita ce, "Me da me kake sha, ko na gida ne?"

Shawarata ga 'ya'ya da jikoki ita ce, duk ranar zuwa asibiti a tattara abin da tsoho ke sha gaba ɗaya, na Bature da na gargajiya, a zuba a jaka guda a ajiye gaban likita ko mai harhaɗa magani. A tambaye shi amfanin kowanne, da wanda za a iya ragewa. Kada dai a yanke wa tsoho maganin hawan jini da ka, domin dakatar da wasunsu farat ɗaya yana da nasa hatsarin.

 Allah ya ba iyayenmu lafiya.