Lantarkin iska muna so, amma a rubuta jemage da shamuwa cikin kwangila

Jawabin da na gabatar a zaman matasa da dattawanmu a Jabo

Iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da matasan da suka taso daga Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna, Kebbe da Kuchi, ina gaishe ku da fatan kowa ya iso lafiya.

An ba ni maganar wutar lantarki, ni kuma na zaɓi wani ɓangare nata da ba a saba kawowa a dandalin siyasa ba, wato lantarkin da ake samu daga iska, da abin da yake yi wa tsuntsaye da jemagu. Na san wani zai ce a ransa, mutanen da ke kwana a duhu ina ruwansu da jemage? To ku ɗan ba ni aron kunne, don maganar ta miyar gidanmu ce.

Dalilin tayar da ita yanzu shi ne doka ta canza. A 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta bai wa jihohi damar samar da wutarsu da kula da kasuwarta. Sakkwato na cikin wuraren da masana ke lissafawa da ƙarfin iska a Najeriya, tare da Katsina da Jos. Can baya ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta taɓa kafa ƙaramin injin iska a ƙauyen Sayya Gidan Gada. A makwabtanmu kuwa, a Maris 2022 kamfanin Savannah Energy ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Nijar kan tashar iska ta Tarka a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai kai megawat 250. Tawa fa iyaka ɗaya muke da ita. Saboda haka ranar da wani zai zo da taswira yana neman fili a ƙasarmu ba ta da nisa, kuma ranar da ɗan takara zai sa abin cikin alkawuransa ta fi kusa.

Wanda ya taɓa bi ta Lambar Rimi a jihar Katsina ya ga irin abin da nake faɗi. Fankoki 37 aka tsara, kowace mai kilowat 275, jimilla megawat 10. Tunanin aikin ya faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yana gwamna, daga baya tarayya ta karɓa, aka bai wa kamfanin Vergnet na Faransa. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyansu Francis Collomp a Rimi, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta. Aiki ya yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma. Duk tsawon wannan lokaci hirar da muke ji a rediyo da majalisa ita ce ta kuɗi, tsaro da ranar ƙaddamarwa. Ku tuna da kanku, sau nawa kuka ji an tambayi abin da ke faɗowa ƙarƙashin fankokin?

Ga yadda abin ke faruwa. In ka hango babbar fanka daga nesa sai ka ce a hankali take juyawa. Amma ƙarshen fiffikenta, a manyan injuna na zamani, yana gudun da ya wuce kilomita 250 a awa. Ungulu da mikiya da shirwa idonsu na ƙasa suna neman abinci, ba su saba da wani abu a gabansu a sararin sama ba. Shamuwa kuma tana hawa iskar zafi ne ta yi ta kewaya, kuma tudun da iska ta fi kaɗawa, wanda injiniya ke so, shi ne ita ma take so. A Altamont da ke Kaliforniya ta Amurka an kafa dubban fankoki a shekarun 1980 daidai wurin farautar mikiya, aka shafe shekaru ana kwasar gawarwakinsu, har magana ta kai kotu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani manomin shinkafa zai ce madalla, Allah Ya sa fankar ta gama da jan baki mu huta. Ina ma! Jan baki miliyoyi ne, suna hayayyafa kamar ba gobe, fanka ba za ta rage musu komai ba. Waɗanda take ɗauka su ne manya masu jinkirin haihuwa. Ungulu ƙwai ɗaya take sakawa. Yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara. In ka kashe uwa ɗari, ba a damina ɗaya za a mayar da su ba.

To me jemage ya tsinana mana? Ku dubi kuka. Furenta fari ne, da dare yake buɗewa, kuma manyan jemagu masu shan 'ya'yan itace su ne kan gaba wajen ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Haka ɗorawa, jemagu ne ke bin tuntunta da dare. In babu wannan zirga-zirgar, 'ya'ya za su ragu, kalwa ta yi tsada, daddawa ta bi ta. Kuka kuwa ko ganyenta muke ci, sai da iri sabuwa za ta tsiro ta gaji tsohuwa. Su ne kuma ke ɗaukar ƙwayar itatuwa su yar da ita nesa, daji ya farfaɗo ba tare da gwamnati ta ware ko kwabo ba. Ƙananan jemagu da ke fitowa da magariba ƙwari suke ci, har da malam-buɗe-littafin dare da ke haifar da tsutsar gona. Iyayenmu mata da ke sana'ar daddawa, wagga magana taku ce tun kafin ta zama ta masana.

Shamuwa kowa ya san ta. In ta sauka kan bishiyar gari, dattijo ya san lokacin gyaran gona ya yi. Daga kudancin Afirka take tasowa ta zo ta yi sheƙa a wajenmu da damina, abincinta fara da tsutsa. Ungulu kuma ita ce mai sharar mayanka. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun da muka sani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Kuma a nan gaskiya ɗaya ce, ba fanka ce ta kawo ta wannan hali ba. Guba ce, da sare manyan itatuwa, da masu sayen kanta don tsibbu a kasuwanninmu. Yaran da aka haifa shekara goma da suka wuce, da yawansu ba su taɓa ganin ungulu a mahauta ba. Abin da nake cewa shi ne, wadda ta rage ba za ta iya ɗaukar ƙarin wata musiba ba.

Abin daɗi, maganin ba tatsuniya ba ne, an gwada an gani. A yankin Kadis na kudancin Sifen an sa masu gadi suna kallon sama, in sun hango ungulu ta nufo sai a tsayar da fankar da ke kan hanyarta na ɗan lokaci. Mutuwar ungulu ta ragu da rabi, wutar da aka yi asara ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A Kipeto ta ƙasar Kenya, tasha mai fankoki 60 da megawat 100, haka ake yi, har da masu zagayawa suna kwashe mushen dabbobi don kada ya jawo ungulu cikin fankoki. A Masar, gefen Bahar Maliya inda ayarin shamuwar Turai ke ratsawa, ana tsayar da injuna a lokacin wucewarsu. A tsibirin Smola na Nowe fenti kawai aka yi, aka shafa wa fiffike ɗaya cikin uku baƙi don tsuntsu ya gan shi, rahoton da ya fito a 2020 ya nuna mutuwar ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Na jemagu ma ya fi sauƙi. Ƙananan jemagu sun fi fita a daren da iska ke kwance, lokacin da fanka ke juyawa amma wutar da take bayarwa ba ta taka kara ta karya ba. A jihar Fensilbaniya ta Amurka, a 2008 da 2009, an gwada hana injin tashi da dare sai iska ta yi ƙarfi. Mutuwar jemagu ta ragu da tsakanin kashi 44 zuwa 93, asarar wutar shekara kuma ba ta wuce kashi ɗaya ba. Sai dai jemagunsu daban, namu daban. Manyan namu suna da ƙarfin fiffike, suna bin lokacin furen itace da nunar mangwaro, kuma a Afirka ta Kudu an tsinci danginsu a mace ƙarƙashin fankoki. Shi ya sa ba za mu yarda a kwafo mana rahoton wata ƙasa a canza sunan gari ba. A zo a ƙirga namu, a ƙasarmu.

Duk waɗannan abubuwa arha ne in an sa su tun farko, tsada ne in an riga an zuba kankare. Tun ran gini tun ran zane. Kuma muna da makami a hannu. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike kafin babban aiki irin wannan, kuma akan baje rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi. Matsalar ita ce rahoton kan zo da Turanci, kauri kamar bulo, a ajiye shi a ofis har wa'adi ya cika babu wanda ya buɗe. Matasanmu masu digiri da ke zaune, ga aiki. Ku je ku karanta, ku fassara wa hakimi da manoma da makiyaya. Masu ba da bashin irin wanga aiki, kamar Bankin Duniya, su ma suna da sharuɗɗan kare halittu, kuma kamfani ya fi jin tsoron mai ba shi kuɗi a kan mai yi masa ihu a Facebook.

Saboda haka duk wanda ya zo neman ƙuri'armu da alkawarin lantarkin iska, namu ne ko na wani ɓangare, mu tafa masa, sannan mu tambaye shi. Za a yi ƙidayar tsuntsaye da jemagu ta shekara guda cif, rani da hunturu da bazara da damina, kafin a zaɓi fili? Za a nisanci fadamun Kebbe da Kuchi inda tsuntsayen ruwa ke sauka, da kurmin kuka da ɗorawa, da mayanka? Wayoyin da za su ɗauko wutar, waɗanda su ma suke kashe manyan tsuntsaye, za a rataya musu alamar da tsuntsu zai gani? Sannan a rubuta cikin kwangila cewa mai gadi yana da ikon sa a tsayar da fanka, kuma a riƙa bayyana adadin gawarwakin da aka tsinta duk wata uku a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Masu gadin nan kuma kada a ɗauko su daga wani wuri. Yaron da ya tashi yana kiwo ko tsaron gero ya san shirwa daga shaho tun tana ɗigo a sama, ya san bishiyar da jemagu ke kwana. Horon wata biyu ko uku da madubin hangen nesa da rediyon hannu yake buƙata. Ina roƙon shugabannin matasa na mazaɓun Tambuwal da Kebbe su fara rubuta sunayen irin waɗannan yara, su kuma zauna da maharba da dattawa a lissafa itatuwan da shamuwa ke sheƙa da waɗanda jemagu ke kwana, gari gari, a kawo mana a zama na gaba.