Jawabi Kan Shawarar Sayen Firinta

Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwa mazauna Sabo Yaba.

An kawo shawarar mu taɓa asusun ƙungiya mu sayi firinta, wasunmu ma suna son ajiye ta a gida saboda yara. To, mu bi a hankali. Ƙaramar firinta mai tawadar ruwa tana da araha a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, amma tsadar tana cikin tawada: ka saye ta sau biyu ko uku, ka biya kuɗin na'urar. In ta yi makonni a ajiye, tawadar ta bushe, bakin ya toshe. Da damina kuma takarda ta sha danshin Legas ta maƙale. Ga wuta, sai ta ga dama. Ranar da yaro zai fitar da takardar JAMB, ran nan za ta ƙi.

Shafi nawa muke bugawa a wata? Gayyatar taro ce da rasit. Mu tura ta WhatsApp zuwa shagon buga takardu, mu biya kuɗin shafi. Kalanda da katin biki kuwa, ga Shomolu nan kusa. In kuwa sayen ya zama dole, mu nemi mai tawadar gari, wato leza, ita ba ta bushewa.