Amsar Wasiƙunku: Baƙin Jini Daban, Baƙunta Daban

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Bichi ta Jihar Kano. Ya ce wani saurayi mai awon hatsi, wanda damina biyu ke nan da zuwansa kasuwarsu, ya aiko neman auren 'yarsa. Da ya sa aka bincika, sai ɗan aike ya dawo ya ce yaron baƙin jini gare shi. Da aka matsa masa da tambaya, sai ya ce, "Ai ba wanda ya san shi." Shi ne yake tambaya, shin maganganun nan biyu ɗaya ne?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Amsa ita ce a'a, ba ɗaya ba ne, kuma kada ka yanke hukunci sai ka rarrabe su.

Bari mu fara da baƙin jini. Mai baƙin jini an san shi sarai, amma zukatan mutane ba su karɓe shi ba. Kishiyarsa shi ne farin jini. Shi ya sa ake misali da mujiya, wadda in ta kuskura ta fito da rana tsuntsaye kan taru a kanta. Ai ba don ba su san ta ba ne, don sun san ta ne. Sannan ka lura, baƙin jini ba kullum yake nufin laifi ba. Mai karɓar haraji a kasuwa, da mai bin bashi, da wanda ba ya ɓoye gaskiya, duk sukan yi baƙin jini wurin wasu alhali aikinsu suke yi.

Akwai 'yan'uwansa, kowace kalma da muhallinta. Bora ita ce matar da miji bai fifita ba, mowa kuwa ita ce ta gaban goshi. Wannan maganar cikin gida ce, domin borar wani gida tana iya zama abar so a unguwa duka. Saniyar ware kuwa shi ne wanda jama'a suka ware da gangan, ba a gayyatarsa biki, ba a shawara da shi. Sai kwantai, wanda ku 'yan kasuwa kun fi mu saninsa: kayan da aka kasa, kasuwa ta tashi ba a saya ba. Kwandon tumatir kan yi kwantai lokacin da na Kadawa ya cika kasuwa, ba don ya lalace ba, sai don ya yi yawa. Wasu kan jefi budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba da wannan kalma. Don Allah a daina, mutum ba haja ba ne.

Ko ita kanta ƙiyayyar hawa-hawa ce. In ka ce ka ƙi abu, mai yiwuwa ba ka so ne kawai. In ka ce ka tsane shi, to abin ya kai zuci. In ka ce kana ƙyamarsa, ka nuna ko kusa da shi ba ka son zuwa. Saboda haka a auna kafin a furta.

Yanzu mu koma ɗaya ɓangaren, na wanda ba a sani ba. Nan muna da baƙo, da baƙuwar fuska, da bare, wato wanda ba ɗan gida ko ɗan dangi ba. Babu zargi ko ɗaya a cikinsu. Haka nan "bai yi suna ba" daban yake da "sunansa ya ɓaci". Na farko bai riga ya rubuta komai a allonsa ba, na biyu ya rubuta an karanta. Kai, ko a lafazi ma Hausa ta raba su, ko da yake a boko rubutunsu ɗaya ne. Baƙi na launi, muryarsa a sama take. Baƙi jam'in baƙo kuwa, sai ka ja "ba" ɗin daga ƙasa sannan ka hau. Gwada faɗa ka ji. Malaman hadisi ma sun raba: mai ruwayar da ba a san halinsa ba suna kiransa majhuli, wanda aka san aibinsa aka bar ruwayarsa kuwa matruki.

Ga misali daga gona. A da, waken suya a ƙasar Binuwai aka fi noma shi, a nan kuwa gidaje da yawa ba su san yadda za su sarrafa shi ba. Yau wace unguwa ce ba a soya awara? Ashe ba baƙin jini ne ya dame shi ba, baƙunta ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

To Malam, ga shawararmu. Ka koma wurin ɗan aikenka ka tambaye shi, wa ya ƙi yaron, kuma me ya yi masa? In an kawo mutum da dalili, ka saurara da kyau. In kuwa amsar ita ce "ba a san shi ba", to aikin bai ƙare ba, yanzu ma ya fara. Ka tura dattijo garinsu ya ga iyayensa da mai unguwarsu da limaminsu. A kasuwa kuma ka tambayi sarkin kasuwa da maƙwabtan rumfarsa: tiyarsa cikakkiya ce? In ya ci bashi yana biya? Damina biyu ta isa a ga wannan. Kada kuma ka manta ka ji ta bakin yarinyar da mahaifiyarta.

Ku kuma da ake aikawa binciken aure, ku ji tsoron Allah. Magana zarar bunu ce. Kalma ɗaya da ka sa ba a wurinta ba tana iya raba auren da zai yi albarka, ta kuma ɓata sunan bawan Allah a garin da ya zo neman abinci. In ba ka san mutum ba, ka ce ba ka san shi ba, ka tsaya nan.

Nan za mu dakata. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Sai wani mako idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.