Siriri daban, ramamme daban: kalmomin Turancin da ke cikin rahoton tamowa

Yau darasin Turanci za mu yi, amma ba irin na cin jarrabawa ba. Musamman ku 'yan uwana matasan Batsari da Safana, ku matso kusa.

Bature yana da kalmomi da yawa na rama, mu kuma idan mun tashi fassara sai mu tattara su duka mu ce "siriri". To, a nan matsalar take.

Idan aka ce mutum slim ne ko slender, yabo ne, wato siriri mai kyan tsari. Skinny kuma ba yabo ba ne, kamar mu ce wane kamar tsinke. Bony da scrawny, ƙasusuwa sun fara leƙowa. Gaunt a fuska ake ganinsa: kumatu sun lotsa, idanu sun zurma. Sai emaciated, wannan ba a wasa da ita. Ramar yunwa ce ko ta doguwar jinya, mutum ya ƙanjame, daga ƙashi sai fata.

Yanzu ga na ma'aikatan lafiya guda uku, ku riƙe su da kyau. Underweight: nauyin yaro bai kai na shekarunsa ba. Stunting: tsayinsa bai kai na shekarunsa ba, ya tsumbure saboda ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki. Wasting: nauyinsa ya yi ƙasa sosai idan aka gwada da tsayinsa. Wanda ya san waste da ma'anar shara ko almubazzaranci zai ɗauka wasted child yaro ne da aka yi asararsa. A'a. Yaro ne da jikinsa ke zagwanyewa yanzu-yanzu, kuma ana iya ceto shi idan an yi sauri.

Me ya kawo wannan magana? A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, sanadiyyar tamowa. Mu da muke bakin dajin Rugu mun san dalili. 'Yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu, an kore dabbobi, babu gero a rumbu, babu nono a ƙwarya. Duk da haka sai ka ji ana cewa, "Ai haka jikinsa yake, ubansa ya gado," ko "Haƙori yake fitarwa." Wato yaro yana cikin wasting, mu muna kiransa slim.

Ba sai an yi gardama ba, akwai ma'auni. Wani ɗan tef ne mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Idan ya nuna kore, alhamdu lillahi. Ruwan ɗorawa, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa. A can ake ba da abincin nan na cikin leda da aka haɗa da gyaɗa, madara, sukari da mai. Magani ne fa, na yaron ne shi kaɗai, ba na rabawa yayyensa ba, ba kuma na sayarwa ba.

Sannan a kula, ba kowace tamowa ce ke zuwa da rama ba. Wani yaron kumbura yake yi, har a ce ya yi ƙiba. Ka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsan ya zauna, shi ma na gaggawa ne.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, bokon da muka yi ga inda zai yi rana. Ka karanta rahoto, ka fassara wa Inna da Goggo da kalmar da ta dace: tamowa ce, kuma tana da magani.

Ku rubuto mana yadda ake kiran irin wannan rama a ƙauyenku. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.