Ciwon Baya Mai Sandarar da Ƙashi da Hoton Asibiti

Yau za mu yi magana a kan wani ciwon baya da yake kama matasa, da kuma hoton da ake ɗauka a asibiti domin gano shi. Mutane da yawa sun sayar da hatsi ko akuya sun je an yi musu hoton ƙashi, aka ce ba a ga kome ba, suka dawo gida ana kiransu ragwaye. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne, hoton farko yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon yana nan.

Likitoci suna kiran ciwon ankilosin sifondilaitis. Kumburi ne da yake somawa a mahaɗar ƙashin baya da ƙashin ƙugu, dama da hagu, ya riƙa hawa sama a hankali. Yakan soma kafin mutum ya kai shekara 45, sau da yawa tun yana saurayi ko budurwa. Ya bambanta da ciwon bayan noma. Wanda ya gaji da huɗa, in ya kwanta yakan ji sauƙi. Wannan kuwa kwanciya ce take tsananta shi. Yana tayar da mutum da tsakar dare, da safe baya ya sandare fiye da minti 30, sai an motsa jiki yake saki. In haka ya wuce wata 3, a je asibiti.

Hoton ƙashi, wato eksire, shi ne mafi araha. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a 1895. Ka'idar da likitoci suka tsara a 1984 ta dogara a kansa ne wajen tabbatar da wannan ciwo. Amma eksire yana nuna ɓarnar da ta riga ta auku ne kawai: gaɓa ta zaizaye, ko ƙasusuwa sun soma haɗewa. Wannan kuwa yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana. In ciwon ya yi nisa, ƙashin baya yakan fito a hoto kamar sandar gora, kuma abin da ya haɗe ba ya rabuwa. Haka nan, hoton da ake bukata da farko shi ne na ƙugu, inda ciwon yake somawa. In tsakiyar baya kaɗai aka ɗauka, ana iya kuskure wurin.

Hoto na biyu shi ne MRI. Da maganaɗisu yake aiki, kuma yana ganin kumburin da yake cikin ɓargon ƙashi tun ƙashin bai lalace ba. Saboda haka a 2009 ƙungiyar masana wannan ciwo ta duniya ta sa shi cikin ka'idarta. Mutum yakan kwanta shiru wajen rabin awa a cikin na'urar, tana ƙara sosai amma babu zafi. Yana da tsada, kuma sai a manyan asibitocin birni. Kafin ku biya kuɗin mota, ku nemi takarda daga likita, ku kuma tambaya ko na'urar tana aiki.

Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Macen da ta haihu kwanan nan, ko mai yawan gudu, MRI yana iya nuna kumburi a ƙugunsu ba tare da wannan ciwo ba. A yankinmu kuma akwai tarin fuka na ƙashin baya, da cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, dukansu suna kawo ciwon baya, amma maganinsu daban ne. Akwai gwajin jini mai suna HLA-B27, sai dai abin da yake nema bai cika samuwa a jikin mutanen Afirka ta Yamma ba, don haka rashinsa bai kore ciwon ba. Likita ne zai haɗa labarinku da gwaji da hoto.

Ga abin da muke roƙonku. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da ciki, ta faɗa kafin a yi mata eksire. Wanda aka sa wa ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki ya faɗa kafin MRI. Ku ajiye tsofaffin hotunanku a inda ruwa da rana ba za su taɓa su ba, ku tafi da su duk ranar ganin likita, domin da su ake gwada ko ciwon yana gaba. Wanda bayansa ya riga ya sandare, in ya faɗi ko da daga kan keke ne, kada a miƙar da shi da ƙarfi, kada a kai shi wurin mai ɗori. Irin wannan ƙashi yana karyewa da sauƙi, kuma eksire yakan kasa ganin karayar, sai hoton siti sikan.

Har yanzu ba a sami maganin da yake kawar da ciwon gaba ɗaya ba. Amma maganin kumburi daga hannun likita da motsa jiki kullum suna rage zafi, su bar mutum ya ci gaba da aikinsa. In akwai matashi a gidanku da yake kuka da baya kowace safiya, ku saurare shi, ku raka shi asibiti. Allah ya ba mu lafiya.