Kome Ƙanƙantar Allura Ƙarfe Ce



Na zo muku yau da wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda na roƙo a wajen bakanike. Duk mai mota a cikinku yana yawo da irinsa da dama a jikin ƙofa da bamba, bai sani ba.

Aikinsa riƙe sukuru. Ana yanko shi daga fallen ƙarfe mai tsauri, a huda tsakiyarsa, a bar harsuna biyu a bakin hudar, a ɗan tanƙwara shi. Idan aka ɗaure sukuru, harsunan sai su ciji zarensa, tanƙwarar kuma ta riƙa turowa baya, don haka jijjigar hanya ba ta kwance shi. Shi kaɗai yake ɗauke aikin noti da washa.

Wani maƙerin murhu a birnin Cleveland ta Amurka, Albert Tinnerman, shi ya ƙago shi wajen shekarar 1923, saboda murhunansa suna lalacewa a hanya kafin su isa ga mai saye. Daga baya masu ƙera motoci suka karɓe shi, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya shiga jiragen sama.

Ƙirarsa tana bukatar abu uku: awo na daidai, domin hudar ta dace da kaurin sukuru, injin da zai yanke ya lanƙwasa a bugu ɗaya, sai wuta, a gasa ƙarfen a tsoma a mai, a sake ɗumama shi don kada ya karye. Sarrafa ƙarfe da wuta kuwa, kakanninmu maƙera sun san shi tun kafin zuwan boko. Awo da lissafi ne suka rage mana, su kuwa a aji ake koyonsu.

Wanda ya shiga Panteka ta Kaduna ya san hannun yaranmu ba ya kasa ƙira. Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya, cikin tallafin karatu na bana, ta ware gurbi biyar domin 'ya'yan maƙeran garinmu su shiga kwalejin koyon sana'a. Idan muka yi sakaci, maƙera za su mutu da iliminsu, 'ya'yansu kuma su biyo ku birni neman aikin gadi.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.