Wasan Talho da Amanar Yaranmu

 



Yaro mai kwaikwayo ne, kuma ba yau ya fara ba. Tun da aka soma gasar takobin kokowa a Tawa a 1975, duk shekara in an gama, za ku iske yara a unguwa suna ɗaure ƙugu, kowa ya ari sunan gwaninsa. Amma kokowa a kan rairayi ake yin ta, kuma akwai babba kusa mai rabawa.

Yanzu fa gwanin yaro yana cikin talho. A wasan Free Fire, wanda ya fito a 2017, mutum 50 ake saukewa da lema a kan tsibiri, su yi ta harbin juna har saura ɗaya. A PUBG mutum 100 ne. Wanda aka kashe, ya danna, ya sake sabon wasa. Yaro ɗan shekara 7 bai gama rarrabe wancan jiki da nasa ba. Shi ya sa za ka gan shi yana dira daga kan katanga, ko yana auna fuskar ƙanensa da bindigar roba mai ƙwaya da aka sayo masa da Sallah. Ƙafa in ta karye a ɗaure ta, ido kuwa in ya fashe ya tafi ke nan.

To, baba, kai ka sayi talhon nan. Inna, ke kike miƙa shi don yaro ya bar ki ki yi girki. Yaran nan amana ne, kuma za a tambaye mu.

Ku san abin da yake bugawa. Kowane wasa a Play Store yana da lambar shekaru: 3, 7, 12, 16 ko 18. GTA na ƴan 18 ne, amma ƴan firamare na buga shi a ɗakunan wasa na unguwa. Wanda bai iya dubawa ba, ya kira yayan yaron ya duba masa. Akwai kuma Family Link, mai rufe talho in lokacin da ka yanka ya cika.

Ku zauna da shi ko da sau ɗaya, ku kalla. Ka tambaye shi: "Wancan da ya faɗo daga sama, da kai ne, za ka tashi?" Bari ya ba ka amsa da bakinsa.

Ku kafa dokar wasa a gida: ba a hawa soro, ba a auna fuska, ba a shaƙe wuya, ba wuƙa, ba wuta.

Ku yanka lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban allon kallo a yini, kuma a wannan shekara ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Talho kada ya kwana a shimfiɗar yaro.

In kun karɓe, ku ba shi madadi: ƙwallo, langa, dara, kokowa a gaban babba. Duka kaɗai koya masa ɓoyo yake yi, sai ya koma bayan gida da talhon aboki.

Mu ma matasa da namu kaso. Ƙanenka kai yake kallo. In an kira salla kana riƙe da talho kana harbi, me za ka ce masa gobe?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su.